Shekara 15 ina aikin sauti kafin in koyi saurare

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma kunya ke hana ni, dan a garin nan ko ban faɗi sunana ba akwai waɗanda suna karanta layi uku zasu gane ko waye. Toh su gane ɗin, ai an riga an yi dariyar an gama. Abinda yasa na daure shine yaran da nike gani yanzu wajen biki sun jingina da lasifika suna danna waya, ni sak a shekarun baya.

Ni haifaffen cikin birnin Katsina ne, wajen Ƙofar Marusa. Baban mu Allah ya jiƙan shi mai gyaran rediyo ne, kuma shi ke ɗaura lasifika a masallatan unguwa, in za'a yi wa'azi ko mauludi ko saukar karatu shi ake kira. Tun ina firamare nike bin shi ina ɗauke da nannaɗaɗɗiyar waya a kafaɗa. Yana da wata ɗabi'a da ke bani haushi lokacin, in ya gama haɗa kaya baya tsayawa gaban amfilifaya, sai ya tafi can ƙarshen fili ya zauna ƙasa ya rufe ido yace in yi magana a makirfo. In nayi sai ya ɗago hannu yace rage. In rage, yace ƙara ragewa. Ni ko a raina cewa nike tsohon nan baya son a san muna da kaya. Yakan ce mani, kai ɗan nan mi kake ci na baka na zuba, wanda ke baya ya ji abinda malam ke faɗi shine aikin, ba wai a ji mu a Ƙofar Ƙaura ba.

Ban ji ba. Wajen 2003 na fara fita aiki ni kaɗai, na shiga harkar biki da DJ, daga baya na buɗe ɗan sitidiyo, ina buga ma yara kiɗa da manhajar FL Studio, ina ɗaukar murya da manhajar Cubase, ina yin tallar rediyo, wani lokacin a kawo mani fim in ɗora mashi sauti. A tsakani na lallaɓa nayi HND ɗina a fannin lantarki nan Hassan Usman. Lokacin siyasa kuwa, 2007 da 2011 da 2015, mu ne a bayan mota da lasifika takwas, ni ina zaune a tsakiyarsu riƙe da miksa tun hantsi, mu yi Charanchi mu yi Kankiya mu dawo ta Dutsinma sai bayan isha'i. In na kwanta kunnena yayi dum yana wani tsiiii, da safe in tashi ya washe. Har alfahari nike da abun, ina ce ma yarana duk wanda kunnen shi bai yi kuka ba bai yi aiki ba. Allah ya yafe mani wannan maganar.

A 2018 aka haɗa ni da wasu baƙi da suka zo ɗaukar shirin tarihi a Daura lokacin Sallar Gani, mai ɗaukar masu sauti bai samu zuwa ba, aka ce ai akwai wani gwani a Katsina. Gwanin ni ne. Kwana huɗu muka yi, mun ɗauki rijiyar Kusugu, mun ɗauki hawa, mun yi hira da dattijai. Da na dawo nace bari in burge su, na zauna na goge duk wata hayaniya da ke bayan muryoyi har suka koma kaman daga cikin kwalba ake magana, na ɗora wani kiɗan fiyano mai taushi tun daga farko har ƙarshe, na matse shi a MP3 dan ya yi saurin tafiya, na tura.

Bayan kwana biyu matar da ke haɗa shirin ta turo mani saƙo, ba zagi ba faɗa, tambayoyi ne kawai a jere. Ina ainihin fayil ɗin da ba'a taɓa ba. Mi yasa na saita na'urar ɗaukar sauti a 44.1 alhali aikin fim a 48 ake yi. Mi yasa duk inda aka busa kakaki sautin ya fashe. Ina shirun ɗaki na ko da minti ɗaya da ake ɗauka bayan kowace hira. Sai ta ƙarshen, wadda har yau ban manta ba, tace ta ga an zura guga cikin rijiya amma bata ji igiya ba, bata ji ruwa ba, ina ƙarar wurin take. Wallahi ni na goge ta da hannuna, a ganina datti ne. Ainihin fayil ɗin kuma na share dan katin ya cika. Rabin kuɗina aka bani kuma ban iya buɗe baki nayi gardama ba.

Abun ya tsaya mani a rai. Ashe kifin rijiya ne ni, shekara 15 ana kirana injiniya ban san mi ake nufi da shirun ɗaki ba. Na shiga bincike a waya dare da rana, anan na fara cin karo da abinda ake ce ma saun dizain, wato tsara sauti, cewa duk takun ƙafa da ƙarar ƙofa da iska da kake ji a fim mai kyau wani ne ya zauna ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ma ba'a wurin ɗaukar fim ɗin aka same su ba. Kuma wai har digiri na biyu ake yi akan wannan kaɗai. Na ga Jami'ar Edinburgh na da shi, na ga makarantar fim ta ƙasar Ingila da ke Beaconsfield na da nata na fim da talabijin. Nan gida na san akwai makarantar fim a Jos, amma ni lokacin idona ya rufe, waje kawai nike hange. Abinda ya ƙara zuga ni shine wasu kwasa-kwasan suna duba shekarun da mutum ya yi yana aiki da samfurin ayyukan shi, ba takarda kaɗai ba.

Ana cikin haka korona ta zo aka kulle gari, ba biki ba taro, a shekarar ne kuma 2020 Baba ya rasu. Ba zan tsaya kan wannan ba.

2021 na tafi Abuja rubuta IELTS, jarabawar Turancin da suke buƙata. Kashi huɗu ce, saurare da karatu da rubutu da magana. Ni duk tsorona na wajen rubutu, saurare kam nace ai gida ne, sana'ata ce. Aka sa mana abun kunne aka kunna, kuma sau ɗaya ake kunnawa ba'a maimaitawa. Ina jin mutane na magana sarai amma ƙarshen kalmomin na zille mani, ban san ko abu ɗaya aka ce ko da yawa ba, lambobi suna haɗe mani. Da sakamako ya fito saurare ne mafi ƙanƙanta a cikin huɗun. Nace abun kunnensu ne bai da kyau. Mai ɗakina ce ta kalle ni tace Baban Ummi, yau shekara nawa ina ce maka in na yi maka magana ta hagu baka amsawa, kana cewa hankalinka ne ke wani wuri, kuma wa ke ƙure talabijin a gidan nan. Sannan ƙarar nan ta tsiiii da ke tafiya da safe, na lura ta daina tafiya tun ban san yaushe ba.

A ɓoye na tafi Kano wajen likitan kunne. Suka sa ni wani ɗan ɗaki da ba'a jin komai daga waje, aka bani maɓalli, duk sanda naji ɗan sauti in danna. Akwai inda na zauna shiru ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa, ta gilashi na hango yarinyar da ke gwajin tana rubutu. Likitan ya nuna mani takardar, layin na tafiya lafiya sai ya zo daidai 4,000 a ma'aunin kaifin sauti ya faɗa rami, na hagu ya fi zurfi. Kafin in ce komai ya tambaye ni, a masana'anta kake aiki ko soja ne kai. Nace sauti nike yi. Yayi shiru sannan yayi mani bayani, cewa cikin kunne akwai wani abu kaman katantanwa, cikin shi akwai wasu ƙananan gasu da ke karɓar sauti, ƙara mai yawa na kashe su, kuma wanda ya mutu ya mutu baya sake tsirowa. Kuma daidai wurin da nawa suka lalace nan ne su sa da sha da tsa ke zaune, shi yasa nike jin murya amma bana gane magana in akwai hayaniya. Nace ba magani, ko allura, ko aiki. Yace abinda ya rage zamu tsare.

A mota daga Kano har Katsina ban ce ma kowa uffan ba. Kaman tela ne aka ce mashi idon shi ya fara tafiya. Na yanke shawarar da yanzu na san wauta ce, nace ba wanda zai sani, ko mai ɗakina ce mata nayi datti ne aka wanke. Kuma maimakon abun ya sanyaya mani gwiwa sai ya ƙara mani wutar tafiya, gani nike in na riƙo takardar masta daga Ingila ba mai tambayar lafiyar kunnena.

Na sake jarabawar na samu abinda ake so da ƙyar. Na nemi tallafin karatu sau biyu ban samu ba. Farkon 2023 wata jami'a ta bani gurbi, kwas na shekara ɗaya, kuɗin makaranta kusa da fam 20,000, ga kuɗin zama da dokar biza ta ce sai ka nuna, lokacin fam 1,023 ne duk wata har wata tara in ba'a Landan kake ba, kuma sai kuɗin sun kwana 28 a asusu ba'a taɓa ba. Na buga lissafi da farashin gwamnati, dala na wajen naira 460, na ga in na haɗa miliyan 16 zuwa 17 zan fita. Na saida lasifikuna duka da janareta biyu da motar ɗaukar kaya. Na saida filin da na gada. Bai kai ba, na je wajen ƙanwata na roƙe ta nata kason, ko gardama bata yi ba tace Yaya in dai karatu ne ɗauka. Inna ce kaɗai tace ita bata gane karatun da sai an saida ƙasa ba, amma Allah ya sa alheri. Kawu kuwa cewa yayi, yanzu kai Ingila zaka tafi koyon kunna rediyo.

Na biya kuɗin kama gurbi fam 3,000 da canjin kasuwa dan kar ya wuce ni, na biya wani ejan da yace zai daidaita mani takardu, sauran na cike Fom A a banki, takardar neman canjin kuɗin karatu a farashin gwamnati, ina jiran layi ya zo kaina. Kuma bakina bai yi shiru ba, gari duk ya ji, yaran sitidiyo har walima suka haɗa mani, aka fara kirana ɗan Landan.

Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi. Tsakiyar Yuni aka saki naira, cikin kwana ɗaya dalar da nayi lissafi da ita a 460 ta haura 700, fam ya doshi dubu. Ina zaune a ɗaki kuɗina na nan cif a asusu ko kwabo bai fita ba amma sun koma rabin abinda nike buƙata. Na bi 'yan uwa, na bi wasu manya da na yi ma kamfen shekara da shekaru, wanda ya fi mutunta ni shine wanda ya fito ya gaya mani babu da bakin shi. Na roƙi makaranta ta ɗaga mani zuwa baɗi suka yarda, nace kafin nan naira ta farfaɗo. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500. Kuɗin kama gurbi basu dawo ba dan ƙa'idarsu sai in biza aka hana ka, ni ko ban ma kai ga nema ba. Ejan ya daina ɗaga waya. Na koma in sayi kayan da na saida, farashinsu ya ninka.

Watannin nan su ne mafi muni a rayuwata. Ba aiki, muna cin uwar kuɗi, bana fita sai masallaci shi ma na asuba da isha'i dan duhu. In na ratsa majalisa sai wani yace a'a ɗan Landan yaushe aka sauka, ya sanyi. Wasa suke amma ni kaman wuƙa. Kuma mai irin ciwona shiru ne maƙiyin shi, da dare in gari yayi tsit ƙarar nan sai ta cika kai kaman gyare dubu, in tashi in zauna tsakar gida har a kira sallah. Na rame, na zama mai faɗa, yarana suna jin motsina su shige ɗaki. Akwai daren da mai ɗakina ta fito ta same ni ina kuka, anan na gaya mata gaskiyar abinda likita yace. Tace ai na sani tun ranar, na ga takardar a aljihun rigarka da zan yi wanki, jira nike ka faɗa da kanka.

Na maida ma ƙanwata kuɗinta, adadin dai, amma filin da zasu saya mata a da yanzu ko rabin shi ba zasu saya ba. Ita tace ta yafe, ni ban ɗauka na biya ba har gobe.

Ita mai ɗakin nawa ce dai ta tambaye ni wata rana, wai kai karatun kake so ko tafiyar. Na ji haushi dan ta taɓo inda ke ciwo. Da na huce na duba na ga akwai masu yin irin kwas ɗin ta intanet, kana gida, kaɗan kaɗan, kana biyan kuɗin darasi ɗaya bayan ɗaya. Tsarin su can kiredit 180 ne masta, in ka yi 60 ka tsaya za'a baka satifiket, in ka kai 120 difloma, kenan ko kuɗi sun yanke a hanya baka tashi a tutar babu ba. Da can na ga irin su na wuce dan ba jirgi a ciki. Da ragowar kuɗin na sa ƙaramar sola, na sayi rikoda Zoom H5 ta hannu da abun kunne mai kyau, na biya darasin farko, na fara a Satumban 2024 ba tare da na gaya ma kowa ba, bakina ya koyi hankali.

Aikin farko da aka bamu ya ban dariya, wai ka samu wuri ka zauna minti 20 kar ka ɗauki komai, ka rubuta duk abinda kunnenka ya ji, na kusa da na nesa, mai tsayawa da mai wucewa. Nace kuɗina sun tafi a banza. Na fita bayan asuba na zauna kusa da hasumiyar Gobarau. Jama'a ni da aka haifa a garin nan ban taɓa jin shi ba sai ranar. Tattabaru, tsintsiya kan ƙasa daga wani gida, can wani masallaci da suka makara suna sallame sallah, jarkokin ɗan garuwa na gwaruwa a kura tun kafin ya ɓullo kwana, almajirai na karatu muryoyinsu na hawa da sauka kaman ruwa, mai koko na goge ƙwarya, Keke Napep na farko. Na cika shafi biyu. Ina rubutu sai na tuno Baba zaune ƙarshen fili ido rufe, na kasa ci gaba.

Daga nan abun ya shiga jinina. An koya mana foli, wato ƙirƙirar ƙarar motsi a sitidiyo kana kallon hoto, sunan wani mutum ne Jack Foley da ya yi aikin a kamfanin Universal tun farkon fim mai magana. Su suna takun doki da ɓawon kwakwa, ni da ƙoƙo biyu nayi nawa kan yashi a faranti kuma ya fi kama da dokin hawan sallah. Wuta da ledar biredi, fiffiken tsuntsu da mahuci, karyewar ƙashi da rake. Na kawo masu matsalar da basu da ita, shadda mai sitati, duk wanda ya taɓa maƙala ƙaramin makirfo a babbar riga ya san yanda take ƙarar kaman ana taka busasshen ganye, muka yi sati muna gwada inda za'a ɓoye shi. An koya mana yanda ake ɗaukar amon ɗaki, ka fasa balan-balan ka ɗauki yanda ƙarar ke mutuwa, sai kwamfuta ta iya sa kowace murya ta zama kaman a ɗakin aka yi ta. Na bi zaurukan ƙasa na cikin gari masu rufin azara ina fasa balan-balan yara na bina, kuma duk wanda ya saurara zai ji bambancinsu da ɗakin bulo mai tayil, na ƙasa murya zama take yi, na tayil sai ta yi ta tsalle. Gurnanin nan da ke bin kayanmu kullum wanda muke cewa halin wutar Najeriya ne, ashe sau 50 ne a daƙiƙa, daidai bugun wutar, kuma yawanci rashin haɗa wayar ƙasa yanda ya kamata ne, ni mai HND a lantarki sai da aka tuna mani. Sai maganar ƙarfin sauti, mu nan gasar wa ya fi ƙara muke, su kuwa ma'auni gare su, gidajen talabijin na Turai a -23 suke karɓar aiki, in ka wuce a dawo maka da abinka.

Wani abun dariya, akwai gashin da ake sa ma makirfo dan iska, kaman mushen kyanwa. Na je bayan gari ɗaukar kukan tsuntsaye da shi a kan sanda, kun san halin da ake ciki na tsaro, kafin in ankara matasan ƙauyen sun zagaye ni suna tambayar wa nike ma leƙen asiri. Da ƙyar da taimakon wani dattijo da na sa ma abun kunne ya ji kukan kurciya kaman a kafaɗar shi aka sake ni. Tun daga ranar sai na fara gaida mai unguwa kafin in ciro komai daga jaka.

A darasi na biyu asirina ya tonu. Malamin ya saurari haɗin da nayi yace komai yayi amma saman sautin yayi kaifi da yawa har yana yanka kunne, kuma ba wannan ne karo na farko ba, wane irin lasifika nike amfani da shi. Na san ba lasifika bane, abinda bana ji nike ta ƙarawa. Kwana uku ina rubuta amsa ina gogewa, ina tunanin zasu ce kwas ɗin ba na irina bane. Daga ƙarshe na ɗauki hoton takardar likita na tura mashi. Amsar shi gajera ce, yace da yawan waɗanda suka daɗe a harkar nan suna da irin wannan ramin, masu hankalin cikinsu sun san inda nasu yake. Ya ce in riƙa aiki da sauti ƙasa ƙasa, in huta duk bayan awa, in koyi karanta hoton sauti a allo inda kake ganin kowane amo da idonka, in riƙa gwada aikina da wanda na san an yi shi daidai, sannan in samu mai lafiyayyen kunne ya saurara kafin in miƙa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni dai gani ne ya tallafi nawa jin.

A nan ne kuma na san lissafin da ya kamata a ce na sani tun 2003. Ƙarar da ta kai desibel 85 awa 8 ne iyakarta a rana, kuma duk ƙarin 3 lokacin rabewa yake biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, in ta kai 100 minti 15 ne kacal. Na je bikin wani ɗan uwa na auna da waya kusa da lasifika, ta haura 100, ga jarirai a bayan uwayensu nan gaban ta. Na kira yaron da ke kan miksa, tsohon yarona ne, na miƙa mashi abun toshe kunne na 'yan kuɗi kaɗan nace ya rage, yace Oga ai in na rage cewa za'a yi kayanmu basu da ƙarfi, kai ka koya mana. Ban da amsa.

Masu tambayata ta inbos ko karatun ya zama dole, gaskiya in kiɗa kake bugawa kana samun na cefane, YouTube ya ishe ka, kar ka saida ko akuya. Danna manhajar Pro Tools ko Reaper ba sai an je jami'a ba. Abinda na samu wanda ban samu a bidiyo ba shine mutum ya zauna ya saurari aikinka ya tambaye ka dalilin kowace ƙara da ka sa, kuma ba zai ce maka yayi kyau dan kunya ba. Mu nan in aka gama fim sai a ce a ɗora mashi sauti cikin kwana biyu, kuɗin ma abinda ya rage ne bayan kowa ya ɗauka, sai mu lulluɓe komai da kiɗa dan ɓoye aibu, ni nayi hakan ya fi a ƙirga. Takardar kuma har yau ba wanda ya tambaye ni ita, aikin suke cewa in turo.

Yanzu na gama kiredit 60 na farko ina cikin na biyu, kuɗin kowane darasi sai na yi gumi, ina gyara ma wasu masu shirye-shiryen intanet muryoyi, ina ɗaukar sauti ma masu shirin gaskiya in sun shigo. Ban sani ba ko zan kai 180. Biki na daina. Kunnen na nan yanda yake, gyaren ma na nan, mun saba.

Aikin da nike haɗawa yanzu akan kaset-kaset ɗin Baba ne. Inna ta fiddo mani wani kwali daga ƙarƙashin gado cike da TDK, yawanci wa'azi ne, amma akwai ɗaya da ba rubutu a jiki. Na gyara tsohuwar rediyon shi na juye a kwamfuta. Shi ne yake gwada makirfo a tsakar gidanmu, gwaji gwaji, ɗaya biyu, sai yayi gyaran murya, can baya ana daka, sai muryar wani yaro tana cewa Baba a ƙara, yace a'a ya isa haka. Na maimaita wurin ya fi sau ashirin. Ummi, wadda ita ce kunnena na biyu yanzu ina biyanta da alawa, tana sanye da ɗayan abun kunnen sai tace Baba wane tsuntsu ne wannan. Nace ina. Tace gashi nan yana ta yi bayan maganar Kaka. Na ƙara sauti ban ji komai ba sai shuuu ɗin kaset. Na buɗe hoton sautin na duba sama, sai gasu, wasu 'yan layuka sirara a jere wajen 5,000, uku uku, suna tsayawa suna dawowa. Nace mata ta kwaikwaya mani yanda yake yi, ta tsuke baki tayi, na kira Inna na ce Ummi ta sake yi. Inna tace wannan ai kanarin babanku ne da ke rataye a bishiyar darbejiya, kai baka tuna shi ba.